Ranar da Mava Kotrappa Ya Jira Sha Biyu Ta Wuce

Duk wanda ya taɓa zama a Mallekere ya san ƙarar ƙarfen Mava Kotrappa, ko da bai san fuskarsa ba. Guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a jikin darbejiyar makarantar sakandaren gwamnati. Shi ne masinjan makarantar, shi ke buga shi. Masu shayi da telolin bakin titi da ƙarar nan suke gyara agogonsu. Shekara goma sha tara yana bugawa, ban taɓa jin an ce ya makara da minti ɗaya ba.

Ƙanin mahaifiyata ne, Mava kuwa kawu ke nan a harshenmu. A gidansa na tashi tun bayan rasuwarta, mu uku da mahaifiyarsa, kakata Girijavva, wadda nake kira Ajji, wato kaka, shi kuma yake kiranta Avva, wato inna. Bara na gama jami'a, har yanzu ban sami aiki ba, ina zaune ina karatun jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Shi kuma ƙarshen watan Mayu zai ajiye aiki.

Fansho iri biyu ne a jiharmu. Mai tsohon tsari yana karɓar rabin albashinsa na ƙarshe duk wata har ya mutu. Mai sabon tsari ana yankar wani abu daga albashinsa a zuba a kasuwar hannun jari, abin da kasuwa ta bari shi ne nasa. Mava yana cikin sabo, kuma abin da zai riƙa samu da ƙyar ya sayi maganin hawan jinin Ajji da tukunyar gas. Na san haka tuntuni, ban dai taɓa tambayar dalili ba.

A watan Disamba aka kai ƙuduri gaban majalisar dokokin jiha. Nadaf Saab, sakataren ƙungiyar ƙananan ma'aikata kuma tsohon abokin Mava, ya kira ni barandar makaranta in karanta musu, don da Turanci aka rubuta shi.

"Karanta mana, 'yar digiri, mu ga ko kuɗin makarantar nan ya yi rana," in ji shi.

Na karanta. Duk wanda ya kama aiki kafin ɗaya ga Afrilu na shekarar da aka sauya tsari, amma aka jefa shi cikin sabo, za a mayar da shi tsohon. Na ɗago da murna. A bangon ɗakinmu akwai hoton Mava na ranar da ya kama aiki, an rubuta talatin da ɗaya ga Maris a ƙasansa.

"Mava, ai kana ciki."

Nadaf Saab ya dubi Mava ya ce, "Kotra, ashe ba ka gaya wa yarinyar nan ba?"

Mava ya shiga ofis ya ɗauko littafin aikinsa, mai jan bango, ya buɗe shafin farko. Kwanan watan daidai ne. Amma a gefensa akawu ya rubuta: bayan sha biyu. Ƙa'idar aikin gwamnati ce, wanda ya sa hannu kafin sha biyun rana aikinsa ya fara daga ranar, wanda ya sa bayan nan sai daga washegari. A takarda, Mava ɗan ɗaya ga Afrilu ne.

Labarin ranar kuwa na san shi tun ina ƙarama, don Ajji ba ta gajiya da ba baƙi. Shekara goma sha biyu Mava ya yi yana aikin a-biya-ka-kullum kafin takardar zama cikakken ma'aikaci ta fito. Ranar Juma'a ce. Suka hau motar safe shi da Ajji, da kwakwa da ayaba a ƙunshe. Taya ta fashe a hanya, ba su isa ofishin ilimi ba sai sha ɗaya saura minti ashirin. Ajji ta dubi agogon ofishin ta riƙe hannun ɗanta. Sa'ar Rahu ta shiga, muguwar sa'a a al'adarmu, wadda ranar Juma'a take kamawa daga goma da rabi zuwa sha biyu, kuma ba a fara abin da ake so ya ɗore a cikinta. Suka zauna a gindin tsamiya suna fuskantar tagar akawu. Sau biyu akawun ya leƙo yana cewa, "Kotrappa, shigo mana, ko sai an kawo maka makaɗa?" Ajji ta ce a bari. Sha biyu da minti goma ya sa hannu.

A nan Ajji kan tsaya ta dubi baƙo ta ce, "Shi ya sa ka ga ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba shi ba. Da na bar shi ya shiga, da yanzu wani labarin ake yi." Mava kuma ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Avva."

A barandar nan na dubi Mava. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun albashin farko."

"Ita fa?"

"Ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba." Ya rufe littafin, ya dubi agogonsa, ya tafi buga ƙarfen tashi.

Sati uku majalisa tana muhawara. A talabijin ɗin shagon shayin Basu muke kallo, ni da Nadaf Saab da tsofaffin masinjoji da masu shara. Ministan kuɗi ya miƙe da tarin takardu ya ce baitulmali ba zai ɗauki nauyin kowa ba, dole a ja layi a wani wuri. Basu ya ce, "Ku ji shi. Motarsa kaɗai za ta ciyar da ku duka har da jikokinku." Aka yi dariya, ni kuwa ban iya ba. Sau biyu ana ɗage zaman. Duk ɗagewa sai in koma gida da ciwon kai. Mava bai zo kallo ko sau ɗaya ba, wai ba ya barin ƙarfe don surutun manya.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Ƙungiya ta tattara sunayen mutum ɗari biyu da 'yan kai a faɗin jihar da suka sa hannu bayan sha biyu a Juma'ar nan, kuma ba sai an gaya wa kowa abin da ya tsayar da yawancinsu ba. A karatu na ƙarshe aka ƙara sashe ɗaya saboda su. Wanda ya isa ofis kafin sha biyu a ranar, ya kawo shaida mai rai ya rantse a gaban jami'i a hedikwatar gunduma, cikin kwana talatin, za a lissafa shi cikin tsohon tsari. Aka amince. Na fita da gudu zuwa makaranta.

Mava ya saurare ni har na gama, yana goge sandar buga ƙarfe da tsumma.

"Akawun ya rasu," in ji shi. "Shugaban ofishin ma haka."

"Ajji tana nan."

"Netra, shekarunta tamanin da uku. So kike in tsayar da ita a gaban hukuma ta faɗa da bakinta cewa ita ta cinye mini tsufana? Abu ɗaya take alfahari da shi a duniya."

"To me za mu ci a watan Yuni?"

"Zan yi gadi. Masu shagon siminti suna nema."

"Da wannan gwiwar?"

"Gwiwata ce." Ya rataye sandar. "Idan kika gaya mata, ki nemi wani Mavan."

Nadaf Saab ma ya gwada. Ya ce masa, "Kai jaki ne, Kotra, jakin ma mai agogo." Mava ya ce ya ji, a gaida gida.

Kwana ashirin da takwas na yi shiru. Ba na son tuna su. Ina buɗe littafin jarrabawa in yini a shafi ɗaya. Abinci ya daina shiga, Ajji ta ɗauka saurayi na yi, tana tsokanata wai in dai ba ɗan Basu mai shayi ba ne ta yarda. Duk safiya tana yage ganyen kalandar da ke jikin ƙofar kicin, ta sa ni in karanta mata lokacin Rahu na ranar, ni kuwa kwanakin da suka rage nake gani. Wani lokaci in ce Mava ya fi ni gaskiya, wani lokaci in hango shi zaune a ƙofar shagon siminti cikin ruwan sama.

Ranar ashirin da tara, Litinin, bayan ya tafi aiki, na zauna kusa da ita tana buga gurasar dawa a kan faifan dutse. Na gaya mata duka. Hannunta bai tsaya ba. Wadda ke kan wuta ta ƙone, ba ta juya ta ba.

"Minti nawa?"

"Goma, Ajji."

"Shi ya sani?"

"Tun farko."

"Shekara goma sha tara ina ba mutane labarin nan a gabansa, yana cewa haka ne, Avva." Ta goge garin da ke hannunta a gefen zani. "Ɗauko mini sandata."

Da ƙafarta ta taka har makaranta, abin da rabonta da yi shekara biyar. Mava ya hango mu daga gindin darbejiya. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kotra, gobe ka nemi hutu." Ni ya kalla, kuma har yau kallon yana dawo mini.

Talata, ranar ƙarshe, muka iske harabar hedikwata cike da irinmu, kowa da tsohonsa a gefe. Lambarmu sittin da huɗu. An manna sanarwa cewa ƙarfe huɗu za a rufe karɓar shaida. Layi yana tafiya a hankali, jami'ar ta fita cin abinci ta daɗe. Ina ta duba wayata. Uku ta yi. Uku da minti ashirin ɗan aike ya leƙo ya kira sittin da huɗu.

Mava ne ya riƙe hannun Ajji. Ran Talata, Rahu daga uku ne zuwa huɗu da rabi. Ni na manta, su biyun ba su manta ba.

"Avva, bari. Mu koma gida. Na rantse miki ban taɓa jin haushinki ba."

"Sittin da huɗu," in ji ɗan aiken, "ko in kira na gaba?"

Ajji ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta daɗe tana dubansa. A saninmu ko tukunya sabuwa ba ta taɓa ɗorawa a wannan lokacin ba. Ta zare hannunta daga nasa, ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa kamar mai shiga ɗakin bauta, ta shiga.

Jami'ar ba ta girme ni da yawa ba, da jan zaren ibada ɗaure a tsintsiyar hannunta. Ta tambayi lokacin da suka iso. Ajji ta faɗa, har da tayar da ta fashe da tsamiya da akawun da ya leƙo sau biyu.

"Me ya hana shi shiga?"

"Ni. Rubuta haka. Yaron ya so shiga, ni na riƙe shi."

Jami'ar ta rubuta, ta tura mata tawada, sai ta saci kallon agogo ta rage murya. "Ajji, kin san ƙarfe nawa yanzu? Zan iya barinki ki zauna har... a'a, huɗu zan rufe."

"Na sani, 'yata. Wancan karon abin nasa ne, shi ya sa na ji tsoro. Wannan yatsana ne. In akwai abin da zai faɗo, ya san inda nake."

Ta dangwala. Mava yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da takalmanta.

Sati uku ke nan da jerin sunayen ya fito, nasa na ciki, na arba'in da ɗaya. Nadaf Saab ya kawo alewa ya raba wa layinmu kaf. Kuɗin farko sai majalisa ta amince da kasafin shekara, amma sunan dai ya shiga, ba zai yi gadin siminti ba.

Sai dai tun dawowarmu daga hedikwata Ajji take tari. Likita ya ce sanyin tagar mota ne, ba wani abu ba. Ita kuma ta daina ba baƙi labarin tsamiya, ta daina sa ni karanta mata kalanda. Ni ce yanzu nake zuwa in duba da kaina, ni da na yi shekara uku a jami'a ina yi wa abin dariya. Duk tarin da ta yi, sai na tambayi kaina ko ni na jawo. Mava kuma in ban da miƙo gishiri da rufe ƙofa, ba abin da ke haɗa mu.

Jiya asibiti suka ba ta lokacin hoton ƙirji, Alhamis ƙarfe biyu. Ina tsaye a ƙofar kicin ina bin layin Alhamis da yatsa, na ji mutum a bayana. Mava ne, shi ma wurin yake kallo. Rahu daga ɗaya da rabi zuwa uku.

"Kira su," in ji shi. "Ki ce goma na safe."

Na kira. Yana tsaye kusa da ni har suka amsa.