Badukun da Ya Yanka Linzami a Tsakiyar Titi

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya buɗe tasa. Rumfa ce ƙarama a ƙarshen layin masu amalanke, inda ake ɗaure dawakin da ke jan kaya daga kasuwa zuwa gidajen mutane. Ba ya taɓa basilla sai ya yi zagaye. Zai rataya tsumma a kafaɗa ya bi dawakin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga leɓen wannan ya duba gefen baki, ya zura yatsu ƙarƙashin fatar da ta zagaye hancin wancan. In yatsun sun shiga, ya wuce. In ba su shiga ba, to mai dokin ya shiga uku da sassafe.

Babu wanda ya ɗauke shi wannan aikin. Shi baduku ne, sana'arsa ɗinka linzami da gyaransa. Amma ya ce ba zai ɗinka abu da hannunsa ya bari a mayar da shi abin azabtar da dabba ba. Saboda faɗansa layin ya sa masa suna Barkono, kuma sunan ya bi shi har ya shafe na yanka.

"Kai, zo nan! Jiya da ka tashi aiki ka goge linzamin nan?"

"Na goge, Baba."

"Da me ka goge? Da addu'a? Taɓa ka ji, ya bushe kamar ɓawon itace. Gumin doki gishiri ne, cin fata yake yi. Tsumma mai ɗan danshi kawai, shi ne ya gagare ka?"

Haka yake tun gemunsa yana baƙi. In ya ga an shanya linzami a tsakar rana don ya bushe da wuri, faɗa. In ya ga an rataye shi a kan ƙusa har fatar ta karye a wuri ɗaya, faɗa. Wanda ya tsoma shi cikin baƙin man mota wai don ya yi laushi, wannan kam gara ya canza hanya. Kitse kaɗan yake so a shafa, ta bayan fatar, a murza da yatsa har ya shige, a rataye a inuwa kan turke mai kauri. Wanda ya sayo linzamin kasuwa mai ƙyalli ya kawo masa don ya yaba, sai ya karɓa ya lanƙwasa shi a gaban mai shi. In fuskar fatar ta tsattsage, sai ya miƙa masa ya ce, "Kwali ka sayo aka yi masa fenti." Yakan sa mutum ya shinshina, ya ja ɗinkin da farce, ya shafa ƙarfen baki a kan nasa leɓen. "In ya karce ka, to dabbar ma zai karce ta. Bakinta ba dutse ba ne."

Masu amalanke suna dariya a bayansa. Suna kwaikwayon muryarsa a wurin mai shayi. Suna cewa tsohon nan ya fi son dabba da mutum. Amma in fata ta tsinke musu a hanya, rumfarsa suke nufa, domin kowa ya san abin da Barkono ya ɗinka ba ya ba da kunya a kan gangare.

Abin da layin ba zai manta ba shi ne ranar goɗiyar Bahago.

Bahago mai amalanke ne, mutum mai iyali da yawa da goɗiya ɗaya tak, fara mai ɗigon baƙi, mai haƙuri. Ƙarfen linzaminta ya karye a mahaɗa. Maimakon ya kawo gyara ya rasa aikin yini, sai ya ɗaure shi da waya, ya murɗe bakin wayar ya tura ciki. Ya san abin da zai biyo baya in Barkono ya gani, don haka ya daina ɗaure ta a layi. Sai ya riƙa ɓoye ta bayan katangar gidan katako har tsohon ya gama zagayensa. Abokan aikinsa sun sani. Babu wanda ya buɗe baki.

Wata rana da rana tsaka ya ɗauko buhunan siminti, hanya ta biyo da shi ta gaban rumfar, inda titin ke ɗan hawa. Goɗiyar ta tsaya. Ya fizgi linzami, ta ɗaga kai sama tana girgizawa. Ya sake fizga da ƙarfi. Barkono yana zaune yana yankan fata, ya ɗago ido ya ga kumfar da ke zuba daga bakinta ja ce.

Waɗanda suka ga abin sun ce bai tsaya neman takalmi ba. Ya fito da wuƙar aiki a hannu, mutane suka watse, wata mai sayar da ruwa ta kwarma ihu, don kowa ya ɗauka Bahago zai soka. Shi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Ya kama kan goɗiyar, ya datse fatar ta gefen kumatu biyu, ya zaro ƙarfen a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Wayar ta yanka harshen ya kusa rabi. Ya ɗaga ƙarfen sama, jini na bin hannunsa har gwiwa.

"Ku duba! Ku duba, ku da kuka sani kuka yi shiru!"

Sannan ya tsuguna a tsakiyar titi ya daddatsa sauran linzamin gunduwa-gunduwa, don kada wani ya sake ɗaurawa, ya jefa ƙarfen cikin kwata.

Bahago ya diro daga amalanke. "Ka kashe ni, Baba! Simintin mutane ne a kai. Da me zan ci da 'ya'yana? Kai za ka ciyar min da su?"

"Da ka kawo min tun ranar da ya karye, da yanzu kana kan hanya."

"Dabbata ce! Ina ruwanka?"

"Ruwana ne tunda a gabana take zubar da jini."

Aka kira 'yan sanda. Aka tasa ƙeyar tsoho babu takalmi, an ce ya zare wuƙa a titi ya lalata kayan mutum. Layin ya cika da maza, mutanen da ya ɗinka wa iyayensu linzami, amma ba a samu ko ɗaya da ya bi bayansa ya ce na ga abin da ya faru ba. Shugaban ƙungiyar masu amalanke, da aka je aka gaya masa, cewa ya yi, "A bar shi ya ɗan huce a can. Mu ma mun gaji da shi." Wannan maganar an ji ta, kuma ba za a binne ta don mai ita ya tsufa ya sa farar riga ba.

Matarsa ce ta je, da takalmansa a hannu. Babban jami'in ya ce magana mai sauƙi ce, ya ba Bahago haƙuri a sallame shi.

"Zan ba shi," in ji Barkono, "in ya fara ba goɗiyar."

"Malam, don Allah ka yi shiru haka nan," in ji matar. Ta juya wajen jami'in. "Ranka ya daɗe, tun ina amarya nake fama da bakin nan, ban ci nasara ba. Amma ka aika a dubo bakin dabbar, sannan ka yanke abin da ka ga dama."

Jami'in ya aika. Ɗan sandan da ya je ya dawo fuska a murtuke, ya yi masa magana a kunne. Kafin la'asar aka saki Barkono.

Bai wuce gida ba. Ya tafi ya ɗauko likitan dabbobi, ya riƙe kan goɗiyar a ƙirjinsa har aka ɗinke harshen. Likitan ya ce ba za ta sake ɗaukar ƙarfe a baki ba sai bayan lokaci mai tsawo, in ma za ta sake. A nan ne maganar Bahago ta dawo wa Barkono. Da me zan ci da 'ya'yana. Ya san yaran, yana ganinsu suna kawo wa ubansu abinci. Fushinsa bai sauka ba, amma ya gane wuƙarsa ta tsayar da tukunyar wani gida. Matarsa ta ce kwanakin nan ko abinci ba ya ci sosai.

Ya ɗaure goɗiyar a bayan rumfarsa. Yana jiƙa mata dusa ta yi ruwa-ruwa, yana ba ta da hannu, yana wanke bakin safe da yamma. Bahago ya koma tura ƙaramar amalanke da ƙarfinsa, yana wucewa ta gaban rumfar yana tofar da yawu. Shi kuwa Barkono ya ajiye duk aikin da ke gabansa, ya zaɓi fata mafi laushi da yake ɓoyo, ya ɗinka ragama wadda ba ta da ƙarfe ko kaɗan, mai juya dabba ta kan hanci, ya yi mata shimfiɗa daga ciki. Ya kwance ya sake ɗinkawa har sai da ta zauna daidai. Da harshen ya warke, shi da kansa ya riƙa zagayawa da ita a fili har ta koyi jin sabon hannun. Sannan ya ja ta zuwa ƙofar gidan Bahago, ya miƙa masa igiyar.

"Ga ta. A hankali za ka riƙa ja, tana ji. In ka ga gashin hancin ya fara zuba, ka kawo min."

Bahago ya karɓa ya shige gida. Ko sannu bai ce ba. Har yau bai ce ba. Goɗiyar ta yi shekaru tana jan kaya da wannan ragamar, ta haifa masa dukushi, gidan ya ci ya sha. In Bahago ya haɗu da Barkono a hanya, kau da kai yake yi.

Kai ne ka ɗauki wannan duka ba ka fasa ba, Baba Barkono. Kai ne mai faɗa saboda wanda ba shi da bakin kai ƙara. An zage ka, an kwaikwaye ka, an bar ka a hannun hukuma, washegari ka rataya tsummanka ka fito zagaye kamar ba a yi ba. Yau dawakin layin nan babu mai miki a gefen baki, babu mai tabo a bayan kunne, baƙi in sun zo har tambaya suke yi. Masu su kuwa sai su faɗaɗa ƙirji su ce ai mu muna kula da dabbobinmu. Ku? Tsoron bakin tsoho ne ya kula da su, ku daina ƙarya.

A 'yan watannin nan ido ya fara yi masa hazo. Ya ɓoye, yana aiki da lalube. Wata safiya ya gama ɗinka igiyar linzami, ya bi ta da yatsa kamar yadda ya saba, sai ya ji gurbi. Basilla ta tsallake, ɗinkin ya fita gefe, shi kuma bai gani ba. Ya san inda irin wannan ke tsinkewa: a gangare, da kaya a baya, da yara a bakin hanya. Ya warware ɗinkin gaba ɗaya, ya koma gida ya ce wa matarsa, "Na gama."

"Ka gama me, Malam?"

"Aikin. Hannun yana nan, idon ne ya tafi. Ba zan ba mutum abin da ban gani ba."

Ta ce ba ta taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

A makon da ya rufe rumfar ne ƙungiyar masu amalanke ta yi taronta. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an ɗauko mai lasifika. An karrama shugaba. An karrama mai sayar da dusa. An karrama wani da ya taɓa ba su aron fili. Barkono ko goron gayyata bai samu ba, alhali daga inda yake tattara kayansa yana jin tafin. Waɗanda suka leƙo rumfar ranar ba sallama suka zo yi ba. Tambaya suke ko akwai ragowar fata da zai bari, ko zai ba da basillolin tunda ba sauran amfani. Babbar 'yarsa, da ta zo da mota ta kwashe shi, ita ta tsaya a ƙofa ta ce musu, "Ku ji kunya mana, ko sau ɗaya." Suka ja da baya suna gunaguni, wai ashe 'yar ma barkono ce.

Wannan abin kunya ne, kuma na layin ne gaba ɗaya, har da masu shagunan da suka sha kallo suna dariya. Mutum ya ƙarar da idonsa a kan dabbobin da ke ciyar da ku, ku rasa kujera ɗaya da za ku ba shi.

Mun gode, Baba Barkono. Mun gode da faɗan, domin yanzu mun gane ba mu da wanda ya damu da mu kamar mai yi mana shi. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya saka wa matar da ta tsaya maka ranar da maza suka gudu. Ku kuma masu karatu, ko ba ku taɓa riƙe doki ba, kowa yana da inda yake ganin ana cuta yana kau da kai don a zauna lafiya. Ku daina. Ku yi magana ko za a ce kun cika faɗa.

Masu amalanke kuwa, kun san gidan 'yarsa, kuna wucewa ta ƙofar kullum da kaya. Yana nan zaune a ƙofar da ransa, kuma idon ne kawai ya tafi, kunnen garau yake. Ku tsayar da dokin, ku sauko, ku faɗa masa tun yana ji.