Takardar Tallan Shagon Baba

Aikina ke nan shekara da shekaru, tsara takardun talla a wata 'yar imprimerie, wato gidan buga takardu, da ke bakin Kassalafam a Douala. Mai kitso, mai sayar da kaji, mai koyar da tuƙi, duk sun zauna a bencina, kuma ni ba na yi wa kowa kara. In ka zo da tarihin kakanka kana so in cusa a rabin takarda, sai in ce maka malam, wanda za a miƙa wa yana bayan bensikin ne, babur ɗin haya, hannu ɗaya na riƙe da jaka. Hoto ɗaya, magana ɗaya, sai inda za a same ka. Sauran duk surutu ne. Da wannan bakin aka san ni, kuma da wannan gwanintar na yi wa mahaifina abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Baba mai aikin wuyan riga ne, da allura da zare, a wani ɗan shago a New Bell da ya gada wurin mahaifinsa. Sai 'yan kasuwa suka fara shigowa daga arewa da riguna ɗinkakku, aikin inji, saya yau sa yau. Shagon Baba ya koma wurin hirar tsofaffi. Yayana, wanda ke da motocin kaya a Bonabéri, ya ce abin ya isa haka, akwai mai sayar da wayoyi da ke son wurin, Baba ya dawo gidansa ya huta. Baba ya ce a bar shi zuwa Babbar Sallah. In aiki bai shigo ba, shi da hannunsa zai miƙa makulli. Kuma Baba in ya faɗa, ya faɗa.

Ni na san hutun nan ba alheri ba ne a wurinsa. Mutumin da tun yana saurayi yake buɗe ƙofa ɗaya kowace safiya, ka ce ya je ya zauna yana kallon bango? Na ce wa Yaya ya zuba ido. Lokaci kuwa a ƙure yake, don aikin hannu makonni yake ci, wanda bai kawo yadinsa da wuri ba ya makara.

Na ɗauki hoton wata aska takwas da Baba ya yi a kan farar shadda, na ba ta rabin takardar. A ƙasa na sa magana ɗaya da Faransanci, ɗaya da Hausa, sai kwatancen shago. Ta yi kyau, ba yabon kai ba. Amma na san ciwon sana'ata: takardar talla daga hannu sai ƙasa. Nan dabara ta faɗo mini. Mu a gidajenmu ko guntun takarda yaro ya gani a ƙasa da rubutun Arabiyya, ɗauka yake ya soke a bango. Na ce to, in na sa Bismillah a sama, babu Musulmin da zai jefar, dole ta kwana a aljihu, ta je gida, a sake gani. Na zaɓi rubutu mai kyau, kore, na sa. Har ina jin daɗin wayona.

Da na kai wa Baba ya gani, ya daɗe yana kallo, ya shafa wurin da yatsa.

"Allah ya yi miki albarka, Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Su wa za a kai wa?"

"Mutane, Baba."

Na gane a ransa kamar katin ɗaurin aure ya ɗauke ta, a kai wa kowa har gida da sallama. Na gane sarai, ban gyara masa ba.

Ranar Juma'a na ba masu raba mana takardu guda dubu, na ce su tsaya inda jama'a ke fitowa daga masallaci. Su kuwa burinsu hannu ya zama wayam. Suka bi kasuwa suna miƙa wa duk mai wucewa, da wanda ya san rubutun da wanda bai taɓa ganinsa ba. Da la'asar ruwa ya sauko, irin na Douala da ba ya shawara da kowa.

Asabar da hantsi na je shago da murnata, na tarar da kwaɗo a ƙofa da mutum biyu tsaye riƙe da yadi da takardata. Talla ta ci. Na bi layi ina tambaya, sai na hango Baba a bayan kasuwa, ya naɗe wando, ya shiga lambatu har ƙwauri, yana zaro takardu daga taɓo yana sawa a buhu.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ke gaba. Na ce haba Baba, ga mutane can suna jira, abin da muke nema ya zo har ƙofa. Ka koma shago, ni zan tsince.

"Nawa kika buga?"

"Dubu."

"Da sunan shagona aka raba su. Ni za a tambaya." Ya ɗago ya dube ni. "Kin san jefarwa ake yi?"

Na ce na sani. Ya ce to me ya sa na sa? Na so in ce don albarka, bakina ya ƙi. Na faɗa masa gaskiya a tsaye nan, masu bensikin na watsa mana ruwa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ashe gadin takarda kika ba sunan Allah." Ya sunkuya ya ci gaba.

Kwana goma sha ɗaya yana wannan aiki, ni ina binsa da buhu na biyu. Na roƙe shi, na yi kuka, na kawo masa limamin unguwa ya ce masa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Baba ya yi godiya, gari na wayewa ya sake fita. Abin da muka samu yakan shanya a tsakar gida, ya ƙona, ya binne tokar. Wasu ranaku na zauna a shago ina ba mutane haƙuri, amma mai kawo shadda mai tsada gwanin yake son gani, ba 'yarsa ba. Suka gaji, suka wuce wurin masu inji. Da ya dawo ya buɗe, babu sauran lokacin da allura za ta gama riga kafin Sallah.

Washegarin Sallah ya kira Yaya ya ba shi makulli. Yaya da kansa ya ce a ƙara shekara ɗaya, Baba ya ce magana ta riga ta fita. Ya kwashe allurai da zarensa a kwali, muka haye gada da shi zuwa Bonabéri.

Abin da muka tsinta bai kai ɗari bakwai ba. Ya rayu shekara huɗu bayan nan, kuma duk ranar da ya zo New Bell gaisuwa ko jana'iza, kansa a ƙasa yake tafiya, yana duba bakin lambatu. Mutane suna cewa Allah sarki, tsufa ya lanƙwasa shi. Ina jin su, ban taɓa gyara wa kowa ba.