Ashe sirdin keke yana ɗaguwa!

Jiya faci ya kai mu wurin mai gyaran keke a kasuwar Mayahi, na ɓuge da ba shi labarin gwiwar ɗiyata Rabi.

Kullum ta dawo daga lakwal, wato makaranta, a kan keke sai kukan gwiwa. Na shafa man kaɗe, na jiƙa saiwa, har na fara tunanin hana ta zuwa.

Ya dube ta, ya dubi keken.

"Inna, yaushe kuka saye shi?"

"Tun tana ƙarama."

"To ai yarinya ta yi tsawo, sirdi yana inda kuka bar shi!"

Ya kwance, ya ɗaga. Yau Rabi ta dawo ba ɗingishi, ni take yi wa dariya.

Iyaye mata, don Allah ku ce ba ni kaɗai ba ce.