Ranar Da Sada Ya Kai Gangarsa Safana

Duk wanda ya tashi a Yasore zamanin Turawa ya san Sada mai gangar noma. Har yau in aka ambace shi sai ka ga tsofaffi sun ɓata rai, wasu da shi, wasu da waɗanda suka cuce shi. Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ga baki, ga son a yaba masa. Gangar gado ce, a hannun ubansa ya karɓe ta yana ɗan shekara ashirin, kuma ranar gayya in ya rataya ta ya shiga bayan manoma, gonar kwana uku sai a tashe ta kafin la'asar.

Kowane ƙaƙƙarfan manomi, daga Yasore har Tsaskiya, yana da takensa a gangar nan, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai. Raggo ba ya samu, ko saniya zai bayar. Kuma ƙa'ida ce, namiji in ya ji takensa, ko lomar tuwo ke bakinsa, dole ya miƙe ya yi kirari. Wanda ya ji ya zauna ya zubar da mutuncin gidansu, mata ma sai sun sa shi a waƙar niƙa. Da wannan Sada yake taƙama, yana cewa shi ba ya kira a ƙi amsawa.

To, sai ga shekarar da aka matsa da ɗibar mutane aikin tilas, haƙar kuza can ƙasar Jos, inda sanyi da yunwa ke kashe maza. Mutanen ƙauye suka ɓullo da dabara. In an ce a kawo mutum goma, sai a tura masu tari da masu ɗingishi, a duba su a koro su gida. Ƙarfafan kuwa su sa tsumma, su ranƙwafa, ka rantse ba su iya ɗaga tulu. Baturen da ke rangadi ya rasa yadda zai yi. Da shi kaɗai ne da haka zai ƙare, amma yana da tafinta, wani Sammani, ɗan ƙasa, wanda ya ci tuwon mutanen nan, ya san al'adarsu ciki da waje. Allah wadaran ilimin da za a sayar da dangi da shi.

Da bazara ta yi, zafi ya kai zafi, ana ta sharar gona, sai aka yi shela wai Bature zai yi wasa a Safana, yana son jin kowane irin kiɗa na ƙasar. Sammani da kansa ya zo Yasore da ƙullin goro, ya ce wa Sada labarinsa ya kai kunnen Bature, in babu shi wasan bai cika ba. Kan Sada ya kumbura. Matarsa Hansai ta tare shi a ƙofar ɗaki ta ce:

"Maigida, gangar noma a fili, ba a ko yi shuka ba? Kuma tun yaushe Nasara ya fara son kiɗanmu?"

Ya ce mata ta kama bakinta, ita me ta sani ban da murhu. Ya shafa wa fatar gangar mai, ya saɓa ta, ya kama hanya.

Safana ta cika maƙil. Ga masu kalangun mahauta daga Batsari, ga dundufar maƙera, ga masu garaya na maharba daga bakin dajin Rugu, ga goge, ga kukuma, ga Fulanin Babban Duhu da sarewarsu. Ba a taɓa tara su wuri ɗaya haka ba, don haka har ƙarfafan da ke ɓuya suka kasa haƙuri, suka zo cikin tsummansu suka rakuɓe bayan jama'a. Bature na zaune ƙarƙashin rumfa yana fifita da hula, a fuska ka san ba ya bambance goge da kukan jaki.

Munafukin nan Sammani sai ya sa Sada a ƙarshe. Tun hantsi yake tsaye cikin rana yana jin ana rangaɗa wa masu kalangu guɗa, zuciya na cinsa. Da aka ce ya shigo, Sammani ya raɗa masa cewa Bature na shakkar maganar nan ta wai ganga na iya tayar da namiji daga zaune. Shi ke nan, ya gama da shi.

Sada ya fara da taken Hashimu, ɗa ɗaya tilo ga wata gwauruwa, Inna Turai. Hashimu na can baya, ya lulluɓa da tsohon bargo yana tarin ƙarya. Aka kaɗa na farko ya sunkuyar da kai. Aka kaɗa na biyu, mutanen garinsu duk suka juyo suna kallonsa. A na uku ya yi jifa da bargon, ya daka tsalle tsakiyar fili yana kirari, ƙirji kamar faifai. Daga nan Sada ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yana murna, yana satar kallon rumfa. 'Yan doka ba su motsa ba sai da maza goma sha huɗu suka fito suna gumi. Sannan aka ciro igiya.

Sada ya yi kan Sammani yana zage-zage, aka riƙe shi. Sammani ya gyara hula ya ce:

"Ni na kira su? Kai ka kira su, Sarkin Makaɗa."

A ranar aka kora su gaba, ko sallama da iyali ba a bar su sun yi ba. Sada ya koma Yasore shi kaɗai. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya gaishe shi, kuma wannan ya fi masa duka ciwo. Ya yi ta bin gidaje yana rantsuwa cewa bai sani ba. An yarda bai sani ba, amma an san abin da ya kai shi.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ciyawa ta taso. Gonar Inna Turai ba mai nome ta, sai mazan da suka rage suka haɗa mata gayya. Sada ya ce ga ranar da zai wanke kansa. Ya zo bakin gonar da hantsi ya buga gangar da iyakar ƙarfinsa. Wallahi kafin ya kai bugu na biyar maza sun watsar da hauyoyi sun faɗa daji, har da tsofaffi, don sun ɗauka an dawo kamu. Gona ta zama wayam, daga shi sai tsohuwar da ciyawa.

Inna Turai ta tako a hankali har gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sada, ka raba ni da mai nome min, yau kuma ka kore min masu taimako. Ajiye abin nan ka ɗauki hauya."

Ya ajiye. Hannun da bai san hauya ba ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Cikin goma sha huɗun, tara suka dawo, babu Hashimu. Shekara goma sha ɗaya Sada yana nome gonar nan shi kaɗai, kuma har Inna Turai ta rasu ba ta taɓa aiko masa da ko ruwan sha ba.