Malam Waliyyu, Mai Warware Turancin Jarida a Tashar Jega

Da gari ya waye, Malam Waliyyu kan karɓi jarida a bakin tashar motar Jega, ya wuce teburin Ladan mai shayi, ya zauna a ƙarshen benci. Direbobi da mahauta da dillalan albasa su ne ɗalibansa. Zai karanta kanun labari da Turanci, ya tsamo kalma ɗaya ko biyu, ya warware su da Hausa, ya sa kowa ya maimaita. Tun yana koyarwa a sakandare yake wannan, da ya yi ritaya ma bai bari ba. Yakan ce Turancin jarida kamar zancen tsofaffi ne, abin da aka faɗa daban, abin da ake nufi daban.

Sadiq direba ne ya ba ni labarin ranar da wannan karatu ya hana zubar da jini. Rikicin shugabanci ya raba wata ƙungiyar dillalan albasa ta Aliero gida biyu. Shugabanta, Alhaji Ayuba, ya tafi gonarsa a Gehuru, wayarsa ba ta shiga. Sai labari ya bazu a wayoyi cewa yana "under fire", wani ya fassara cewa an buɗe masa wuta. Kafin hantsi mata sun fara kuka a gidansa. Ƙanensa Zayyad, mahauci a Jega, ya tara abokansa da adduna, suka cika motar Sadiq za su je rumfar abokan hamayya.

Malam ya taso ya tsaya a gaban motar.

"Zayyad, ina za ku da adduna?"

"Malam, sun halbe Alhaji! Ga ya nan an rubuta."

Ya karɓi wayar, ya karanta labarin har ƙarshe. "Ba wanda anka halba. Wagga magana nufinta ana sukar shi da baki, kan rabon rumfuna."

"Wuta fa anka ce, Malam."

"In ka ji an ce an hura ma mutum wuta, toka kaka zuwa nema?"

Zayyad bai gamsu ba. Malam ya zare makullin motar ya sa a aljihu, ya tura ɗan acaɓa Gehuru. Da azahar sai ga Alhaji Ayuba a bayan babur, ƙafafunsa duk laka, yana tambayar wa ya rasu.

Bana yanar ido ta kama Malam, jarida ta gagare shi. Ya ce zai daina fitowa, mutanen tasha suka ƙi. Yanzu Sadiq ke karantawa da tuntuɓe, Malam na gyara masa.

Malam Waliyyu, kai ne ka mayar da bencin mai shayi aji, ba allo ba albashi. Kai ne ka koya wa mutanen da suka bar makaranta da wuri su karanta labari har ƙarshe kafin su miƙe. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da alheri.

Mu kuma da muka yi boko, kowannenmu na da maƙwabcin da ke riƙe da waya yana kallon rubutun da bai gane ba. Mu zauna kusa da shi, kafin wani ya fassara masa.