Takardun Akwatin Inna

Inna ba ta cire takarda daga hannun akwatinta. Tun hajjinta na fari da marigayi Baba, duk takardar da ma'aikatan jirgi suka liƙa tana nan, sun yi cunkus kamar layun ɗan dambe. Ga kuma ƙyallen atamfa kamu guda da ta ɗaura, wai don ta hango kayanta daga nesa. Mutanenmu na Gwandu haka suke, takardar nan ita ce shaidar ka je.

Shekarar da za ta umra, ban damu ba sai da na ga abin da ta shimfiɗa a ƙasan akwatin. Farin saƙi ne. Da hannunta ta kaɗa zaren, shekara da shekaru, wani tsohon masaƙi a Malisa ya saƙa mata kafin ya rasu. So take ta tsoma shi a ruwan zamzam ta dawo da shi, ya zama likkafaninta. In ya ɓata, babu kasuwar da za a samo irinsa.

A Kalgo, inda nake aiki, ina da maƙwabci da ya daɗe yana aikin kaya a wani ƙaton filin jirgi a ƙasar Larabawa, irin wanda Inna za ta canja jirgi a cikinsa. Da na ba shi labarin akwatin, sai ya riƙe baki. Ya ce da an auna kaya an liƙa takarda mai baƙaƙen layuka, shi ke nan, sun bar hannun mutum. Bel ne, wata shimfiɗar roba mai tafiya da kanta, zai ja su ƙarƙashin gini, ta hanyoyin da suka fi lungunan Gwandu sarƙewa. Fitilu na karanta layukan ta kowane gefe, wata na'ura ta leƙa cikin jaka ba tare da an buɗe ba, can gaba wani ƙarfe ya tunkuɗa kowacce hanyar jirginta.

"To in injin ya ga takarda biyar, wacce zai bi?" in ji shi. "Sai ya ture akwatin gefe, kafin a sami mai dubawa jirgi ya tashi. Ƙyallen kuwa bel ke cafkewa."

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Washegari na shiga bas zuwa Gwandu da almakashi a aljihu.

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana. "Kai wannan, mi kaka nema ga akwatina?"

Na zayyana mata komai, har da ɗaga murya, Allah Ya yafe mini. Tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Injin nan ya san ni?"

"Bai san kowa ba, Inna. Takarda kaɗai ya sani."

"Ya iya karatu amma babu hankali," ta ce, sannan ta dube ni. "Na san irinsu."

Na ce to ta riƙe saƙin a jakar hannu mana. Ta ce haba, ta riƙa yawo da likkafani a hammata kamar mai gaggawa? Na ciro almakashin daga aljihu ina huci. Can ta miƙo hannu, na ba ta almakashin. Da kanta ta yanke takardun ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin da wa aka yi kowace tafiya. Da ta zo kan ta tafiyarsu da Baba, wadda rubutunta ya gama shafewa, ta daɗe tana shafa ta da babban yatsa kafin ta yanke. Wallahi na ji kunya, na kau da kai. Ta zuba su a kwanon sha ta rufe da faifai.

Duk kwanakin da ta yi can, wayata ba ta bar hannuna ba. Akwati ya je lafiya, ya dawo lafiya. Bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, an raba dabino da carbi, ta kira ni ɗaki. Ta fito da saƙin a ninke, ta ɗora mini a cinya.

"Tafi da shi Kalgo ka ajiye. Na ga kai kaɗai ke tsoron ɓatan kayana. Ranar da za a nema, kada a tsaya jira."

Na buɗe baki in yi musu, yadda na saba, sai kawai na rungume saƙin a ƙirjina.