Jar Taswirar Sibdu

Duk Wagadugu babu mai taurin kan Sibdu Nikiyema. Jakunan da ke jan amalanken yashi ma in sun hango babur ɗinta kaucewa suke, don sun san babba ta zo. An ce tun tana goye, in uwarta ta nufi gabas ita yamma take leƙe.

Aikinta haɗa hotunan tauraron ɗan'adam a wani ofishin taswira. Hoton falle-falle yake zuwa: wannan ya ɗauki ja, wancan kore, wani kuma hasken da ido ba ya gani, wanda ɗanyen ganye ke mayarwa sama. Sibdu takan jera uku a kwamfuta, ta sa fallen nan na ɓoye a gurbin ja. Sai duk inda itace ke da rai ya fito jawur, faƙo kuma toka-toka. Ita kanta kallabinta ja ne, waken da take ci da rana ma sai ya nutse a barkono.

Shugabanta Misye Pare ɗan ƙabilar Samo ne, ita kuwa Mosi, wato abokan wasa. Kullum da safe sai ya kira ta baiwarsa, ita kuma ta tambaye shi ko garinsu an fara sa takalmi.

Bara da damina ofishin ya yi gangamin dashen itatuwa a bayan gari. Aka sa riguna iri ɗaya, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Awaki suka yi walimar da har yanzu jikokinsu ke labari. To bana masu ɗaukar nauyin aikin za su zo gani, ga kwantiragin Sibdu ya ƙare, sabon yana teburin Pare yana jiran sa hannu.

Ya kira ta ya rufe ƙofa. Ya ce abu ne mai sauƙi, ta mayar da fallen nan na ɓoye gurbin kore, ta ja hasken har faƙon ya yi tsanwa, baƙi su gani su ji daɗi.

"Baiwata, yi min kore in sa miki hannu."

"Kai bawa, tauraron nan ba ya shan burkutu irin na garinku. Abin da ya gani shi zan nuna."

Ya yi dariya, a zatonsa wasan da aka saba ne.

Ranar taro ta haska taswirar a bango. Filin dashen fes kamar bayan jaki, ja ɗaya tilo a gefe, lambun wata tsohuwa da ta kewaye da ƙaya. Wata baƙuwa ta gyara tabarau ta tambayi ina itatuwan.

"Suna cikin awaki, madam," in ji Sibdu.

Waɗanda ke wurin sun rantse gumin Pare sai da masinja ya kawo bokiti.

Da yamma Pare ya yi rantsuwa sai ya kori Sibdu daga aiki. Kafin ya isa gida labari ya riga shi zuwa wurin gwaggonsa a garinsu Toma. Ta buga waya ta ce tun da aka halicci Samo ba a taɓa jin wanda ya yi fushi da bakin Mosi ba, in shi zai fara, kada ya sake taka mata ƙofar gida.

Washegari ya sa hannu, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Amma ya mayar da teburinta ɗakin ajiya, jikin janareto. Sibdu ta sayo fenti ta shafe ƙofar ɗakin da ja, ta ce yanzu ta huta da warin turarensa.

Da daminar nan an sake dashe, har da shingen waya. Duk sanda tauraron ya wuce sai ta sauke hoton ta jera fallayenta. Jan ɗigo-ɗigo ya fara fitowa kamar ƙurajen zafi. Pare ya leƙo ya tambaya ko yanzu za ta yaba masa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ya dawo bayan rani.